Wai namiji ne ke "zaɓar" jinsin ɗa?

Maman 'Yan Mata: Yau dai sai na amayar da abin da ke raina. Allah Ya sauke ni lafiya, 'ya ta huɗu ke nan, sai wata daga dangin mijina ta dube ni ta ce wai cikina na mata ne. Don Allah masu ilimi ku faɗa mata: namiji ne ke zaɓar jinsin ɗa, ba mace ba. Ƙwan mace kuromosom X kaɗai yake ɗauke da shi, maniyyi ne ke zuwa da X mai ba da mace ko Y mai ba da namiji. In akwai mai laifi, ta je ta tuhumi ɗan'uwanta.

Malam Na Gefe: Allah Ya raya. Amma 'yar'uwa, gyara kalmarki. Zaɓa? Wane ne namiji da zai zaɓa? Duba Suratush Shura, aya ta 49 da ta 50. Allah ne ke bai wa wanda Ya so mata, Ya bai wa wanda Ya so maza.

Maman 'Yan Mata: Malam, ban ja da ƙaddara ba. Maganar sila nake yi.

Malam Na Gefe: To ki ce sila. Zaɓi kalma ce mai nauyi.

Baban Abba: Allah Ya saka, Malam. Da zaɓi ne, wa za a bari a baya?

Ƙanwar Kowa: Au, wato da zaɓi ne duk maza za ku ɗiba? Ka tona kanka, Baban Abba.

Baban Abba: Ba haka na ce ba, kada ki sa mini magana a baki.

Ɗalibin Likita: Ku ba ni dama. Ƙwayar halittar mutum tana ɗauke da kuromosom (zaren da ke riƙe da gadon halitta) 46, wato tagwaye 23, rabi daga uwa rabi daga uba. Idan jiki zai girma ko rauni zai warke, ƙwayar tana kwafe duka 46 ɗin kafin ta rabu biyu, kowace ta tafi da cikakken kaso. Wajen yin ƙwai da maniyyi kuwa rabuwar daban ce: ana raba tagwayen nan, kowane ya tashi da 23 kacal. A tagwayen da suka shafi jinsi, mace XX ce, duk inda aka raba X za a samu. Namiji XY ne, don haka kusan rabin maniyyinsa X, rabi Y. Miliyoyi ke fita, ɗaya ke shiga ƙwan, shi kuma mai su bai san wanne ba ne. Maman 'Yan Mata tana da gaskiya cewa daga wajensa bambancin ke zuwa, Malam yana da gaskiya cewa bai zaɓi komai ba.

Ƙanwar Kowa: Ikon Allah. Lokacin da ake ɗora wa mace laifi ba wanda ya fito da lissafi. Yanzu da yatsa ya juyo kan maza, kowa ya zama masani, har an gano cewa babu mai laifi.

Baban Abba: Ni dai na ga wani bidiyo da aka ce jikin mace ne ke tantance wanda zai wuce. To wa ya zaɓa ke nan?

Ƙanwar Kowa: Wane bidiyo? Turo shi.

Baban Abba: Ya daɗe, ban ajiye ba. Amma likita ne ya yi bayanin, da farar riga.

Ɗalibin Likita: Yallaɓai, dabarun nan na lissafin kwanaki don a samu namiji ba a tabbatar da su ba. Kowane ciki kamar jefa kwabo sama ne, na yau bai san yadda na jiya ya faɗi ba. A jera mata huɗu abu ne da ke samun kusan gida ɗaya cikin gidaje 16 masu 'ya'ya huɗu. Ba ciwo ba ne, ba kuma alamar komai ba. A duniya ma ana haihuwar maza kusan 105 a kan kowaɗanne mata 100.

Baban Abba: Tsaya! Ɗazu ka ce rabi da rabi, yanzu 105 da 100. Wanne za mu ɗauka?

Ɗalibin Likita: Na ce kusan.

Anti Mai Haƙuri: Ɗana, wannan 105 ɗin ban yarda ba. Duk inda ka waiwaya mata sun fi yawa.

Ɗalibin Likita: Mama, a cikin tsofaffi haka ne, don mata sun fi tsawon rai. A wajen haihuwa maza ne gaba.

Anti Mai Haƙuri: Tsofaffi? Da ni kake?

Ɗalibin Likita: Wane ni, Mama.

Mai Kaji: Ku bari in sa baki. A tsuntsaye abin a juye yake. Zakara ne ke da iri ɗaya, ZZ, kaza ce ke da ZW. Don haka a wajensu ƙwan macen ne ke yanke hukunci.

Baban Abba: Kun ji ko! Ashe mace ma tana yi.

Ƙanwar Kowa: Maman Abba kaza ce?

Baban Abba: Ki iya bakinki, yarinya. Na girme ki nesa ba kusa ba, kuma iyalina ba abin wasanki ba ne.

Ƙanwar Kowa: Kai ka jawo kaji cikin maganar mutane.

Mai Kaji: A'a, ni na kawo.

Malam Na Gefe: Shi ma wannan "yanke hukunci" ɗin a janye shi. Daga zaɓi an koma hukunci, gaba kuma ban san me za a ce ba.

Ƙanwar Kowa: Don ma ku sani, mace ce ta gano wannan al'amari. Nettie Stevens, 'yar Amurka, a 1905, a jikin wani ƙaramin ƙwaro ta lura cewa namijin yana da kuromosom guda da ya fi na macen ƙanƙanta.

Baban Abba: Shi ya sa! Mace ta yi bincike, ta wanke mata. Me kuke tsammani?

Ɗalibin Likita: Edmund Wilson, namiji, ya fitar da sakamako makamancin nata a shekarar. A 1990 kuma aka gano ƙwayar gadon da ke kan Y mai kunna halittar namiji, ana ce mata SRY.

Malam Na Gefe: Ku bi a hankali da kimiyyar nan. Ba 48 suka daɗe suna koyarwa ba kafin su dawo 46?

Ɗalibin Likita: Haka ne Malam, sai a 1956 Tjio da Levan suka ƙirga daidai. Kayan aiki ne suka inganta. Gyaran ƙidaya bai taɓa maganar X da Y ba.

Malam Na Gefe: Wanda ya yi kuskure a ƙidaya zai iya yi a wani wurin.

Anti Mai Haƙuri: Ni har yanzu ina jiran a ba ni haƙuri kan tsofaffin nan.

Maman 'Yan Mata: Jama'a, ni fa ciwon maganar da aka yaɓa mini na kawo.

Yaya Babba: To, ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da na fahimta. Kowa ya yarda kalmar zaɓi kuskure ce, Malam ya yi daidai. Likitanmu da bakinsa ya wanke maza, ya ce ba su san komai ba a ciki. Batun ko jikin mace na da hannu yana nan a buɗe har Baban Abba ya samo bidiyonsa. Alƙaluman kimiyya kuma sun taɓa canzawa, don haka kada a riƙe su da ƙarfi. Ƙanwar Kowa ta bai wa Baban Abba haƙuri. Maman 'Yan Mata, a riƙa tauna magana kafin a rubuta.

Ɗalibin Likita: Yaya, mata na fara wankewa, ka tsallake wannan.

Ƙanwar Kowa: Haƙurin me? Dama ai abokinka ne, mun sani.

Mai Kaji: Maganar kaji fa? Ita kaɗai ce ba wanda ya ƙaryata, amma ko ambatonta ba ka yi ba.