Dashen haƙori a cikin ƙashi: akwai wanda ya taɓa yi a nan Kaduna?

Abu Salma, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Jama'a shawara nake nema. Bara Keke Napep ya kife da mu a hanyar Kawo, haƙorana biyu na gaba na sama suka tafi. Aka yi mini na roba, mai faifan nan da ke mannewa a ganɗa. Ni kuwa malamin firamare ne, da bakina nake cin abinci. Ina cikin darasi sai in ji abin yana rawa, magana na fita da fito, yara na sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Rake da balangu kam mun yi sallama. Kullum dare sai na cire na jiƙa a kofi, na ɓoye bayan labule don kada auta ta gani.

Likita ya ce akwai dashe, wai a huda ƙashin muƙamuƙi a murɗa ƙarfe a ciki, a ɗora haƙori a kai. Tun da na ji kalmar hudawa jikina ya yi sanyi. Ƙarfen ba ya tsatsa? Ina da ciwon suga, zai yiwu? Sannan ya matsayinsa a addini?

Maman Khalifa, Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara kiyayewa. Ni an yi mini, amma na turmi ne a ƙasa. Wallahi cire ruɓaɓɓen ya fi dashen wahala. Allurar kashe zafi ake yi, ido biyu kake, abin da za ka ji kawai gurnanin injin yana ratsa ka har cikin kunne. Kumatu ya kumbura kwana kaɗan, na zauna kan kunu da faten dankali, aka cire zare.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ba aikin yini ɗaya ba ne. Bayan an sa ƙarfen sai na yi watanni ina jira kafin a ɗora haƙorin. Kuma don Allah ka tambaya tun farko: kuɗin da aka faɗa har da haƙorin da za a ɗora a kai da hoton ƙashi, ko na ƙarfen ne kaɗai? Ni sai a tsakiyar aiki na ji sauran lissafi.

Ɗan Barnawa:

Malam, ni ma'aikacin ɗakin haƙori ne. Ba ƙarfen maƙera ba ne, titaniyom ne, ba ya tsatsa a jiki. Abin mamakinsa, ƙashi yana girma ya kama shi gam. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura da haka a 1952 yana gwaji a ƙafar zomo, ya zo cire abin da ya sa ya tarar ya manne da ƙashi. A 1965 ya fara yi wa mutum. Jiran da Maman Khalifa ta ambata na wannan kamun ne, galibi wata 3 zuwa 6, kuma na sama ya fi jinkiri don ƙashinsa bai kai na ƙasa tauri ba. Kafin nan ba za a bar ka da giɓi ba, za a gyara maka na robar ka ci gaba da sawa.

Damuwata a kanka biyu ce. Ta farko sugan. Mai suga ana yi masa, amma sai ya daidaita. In yana hawa da sauka, ciwo ba ya warkewa da wuri, dasashi na saurin ɗaukar ƙwayar cuta, dashen ya ƙi kamawa, kuɗi ya bi ruwa. Ka yi gwajin nan na HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance a wata uku da suka wuce. Na tsinken yatsa da safe bai isa ba. In kana shan taba, ita ma babbar maƙiyiya ce.

Ta biyu, ka ce bara ne. Ƙashin da ke riƙe haƙori, da zarar saiwa ta bar shi sai ya fara zaizayewa, kuma watannin farko ne ya fi tafiya. Ga shi naka haɗari ne, ƙila wani ɓangaren ƙashin ya karye tun a ranar. In ya yi siriri sai an yi cikon ƙashi tukuna, ƙarin kuɗi da ƙarin jira ke nan. Saboda haka ko ba ka da kuɗin yanzu, je a ɗauki hoto a san abin da ya rage. Duk wanda ya ce zai huda ka ba tare da hoto ba, ɗauki hularka ka fita. Ka tabbatar likitan na da rajista da hukumar kula da likitoci ta Najeriya, MDCN, ka kuma tambaye shi sau nawa ya yi na gaba, don nan ne kuskure ke fitowa fili in an yi murmushi.

Baban Yara, Kasuwar Bacci:

Ku yaran nan da son kashe kuɗi! Haƙori ɗaya dubban ɗaruruwa, shi kuma biyu yake nema, da albashin koyarwa? Kayan duk daga waje suke, dala na tashi suna tashi. Ni gada aka yi mini, wato aka jingina sabon haƙorin da haƙoran gefe, har goro nake ci. Batun addini kuwa ka kwantar da hankalinka, Malam. Gyaran abin da ya lalace ne, ba canja halitta ba. Sahabi Arfaja da aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Balle mu da alhazanmu ke dawowa da haƙorin Makka.

Ɗan Barnawa:

Gaskiya ne Baba, gada ta fi sauƙi da sauri. Sai dai don a kafa ta, dole a fiƙe lafiyayyun haƙoran gefe, kuma abin da aka fiƙe ba ya dawowa. Ga wanda suga ya ƙi kwanciya, ko ƙashi ya yi ƙaranci, ni ma ita zan ce ya duba. Dashen ma ba a gama da shi ke nan ba: tsutsa ba ta cin sa, amma dasashin kewaye na kumbura in ba a wankewa, har ƙashi ya janye.

Abu Salma, Tudun Wada:

Allah ya saka da alheri, na gode. Taba kam ba na sha. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan je gwajin sugan, in albashi ya shigo a yi hoton. Ɗan Barnawa, in an gama komai zan iya ci gaba da asuwaki a wurin, ko buroshi ne kaɗai?