Neman kalma: ciwon da ke kama mace bayan ta haihu

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Gobe da safe ina da shirin lafiya a rediyo kan matan Larabawa da suka yi ƙaura zuwa Amurka, irin na Dearborn a jihar Michigan. Ana gwada su da ma'aunin Edinburgh na 1987, wato jerin tambayoyi na gano postpartum depression, tambaya 10, jimillar maki 30, kan halin da mace ta shiga a kwana 7 da suka wuce. Me zan kira postpartum depression? Sai kuma social support.

Anti Nas: Mu a asibiti "ciwon damuwa bayan haihuwa" muke cewa.

Malam Sani: Wannan ai Turanci ne aka sa masa hula. Muna da jego! Ki ce "ƙuncin jego".

Anti Nas: Malam, kukan kwanakin farko daban ne, yakan wuce cikin mako 2. Wannan kuwa yana iya tasowa bayan an yi arba'in, ya ɗauki watanni. In ka ce jego, mai goyon wata biyar za ta ce ba da ita ake ba, ta ƙi zuwa asibiti.

Ɗan Damagaram: Su Larabawan ikti'abi suke cewa. A ara mana.

Malam Sani: Kullum aro! Harshenmu ya talauce ne?

Ɗan Damagaram: Arba'in ɗin da ake ta faɗa daga ina ta zo? Ku mutanen Kano kun ɗauka ku kaɗai ke da Hausa.

Maman Ilham: Don Allah ku bari, dare na yi. Ta biyun fa? Na rubuta "tallafi".

Anti Nas: A'a ƙanwata, mai sauraro zai zaci rabon shinkafa ne. Ma'aunin social support daban ne, tambaya 12 ne, kan dangi, ƙawaye da wani na musamman, amma da aka gyara shi don matan Larabawa sai aka sa miji a gurbin na ukun. Ana tambayar mace ko tana jin akwai mai tsaya mata. Ki duba wadda ta haihu uwarta na Yaman ko Iraƙi, babu mai zama da ita kwana arba'in ɗin nan.

Malam Sani: Wannan ai gata ne. Mai gata da marar gata.

Maman Ilham: Madalla! "Gatan da mace ke jin tana da shi". Na ɗauka. Ciwon kuwa zan bi Anti, amma zan ambaci jego a gabatarwa.

Malam Sani: To, shirinki ne. Ni dai a ajina ƙuncin jego zan koyar.