Allurar tsawo ga yaro, wa ya taɓa yi?

Maman Sadik: Salamu alaikum. Sadik shekararsa 9, amma ƙanwarsa 'yar 6 ta kamo shi. Likita ya ambaci allurar sinadarin girma, sai Yaya ta ce wai tana taɓa jijiyoyin jini. Wa ya taɓa yi?

Anti Bilki: Ko gado ne? Babansa fa?

Maman Sadik: Dogo ne kamar falwaya.

Hajiya Rabi: 'Yata, ko me za ki yi, kar ki bi ta kemis. Jikana haka wani mai shago ya ɗora shi kan wasu 'yan ƙwayoyi farare, wai maganin girma. Wata biyu kumatu suka cika, muna ta barka. Ranar Sallah na sa masa hularsa ta bara ta ƙi shiga, wandon kuwa har yanzu yana jan ƙasa. Da ciwon kai ya matsa muka je asibiti, aka ce jininsa ya hau, yaro ɗan 8! Ashe dexamethasone ne, maganin rage kumburi, shi da ma tsawon yake tsayarwa.

Baban Ummi: Hajiya, sannu. Waccan daban, somatropin, wato sinadarin girman da likita ya ambata, daban, ita allura ce ƙarƙashin fata kullum da dare. Maganar Yaya tana da tushe: binciken Faransa na 2014 ya ga ƙarin zubar jini a ƙwaƙwalwa ga waɗanda aka yi wa suna yara, bayan sun girma. Na Siwidin, kan yara sama da 3,000, ya ga ɗan ƙarin matsalar zuciya da jijiya, amma waɗanda abin ya sama ƙalilan ne. Ki nemi likitan yara mai kula da sinadaran jiki a Asibitin Malam Aminu Kano. Hoton ƙashin hannun hagu tukuna don a ga girman ƙashinsa, da gwajin jini na IGF-1 mai nuna aikin sinadarin girma, da na maƙoƙo.

Maman Sadik: Jinotayip ɗinsa AA ne, ba sikila ce ta hana shi tsawo ba.

Malam Sani: To a firji ake ajiye allurar, da wace wutar? Mu a Kurna kwana uku ke nan.

Anti Bilki: Ka sa sola mana, maƙo zai kashe ka.

Malam Sani: Ke za ki biya?

Inna Talatu: A ba shi ƙwai da wake, a bar yaro ya yi barci.

Baban Ummi: Inna, in jikin ba ya fitar da sinadarin, ƙwai ba zai kawo shi ba.

Anti Bilki: Kiret nawa yanzu a 'Yankaba ma?

Maman Sadik: Baban Ummi, wace rana ake ganin likitan?