Wa zai riƙe min Auta idan ba na nan?

Maman Auta ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku, musamman iyayen da ke zaune a nan Ingila da yara masu buƙata ta musamman.

Muna arewacin Ingila, ni da maigida da yara uku. Ƙaraminsu, wanda muke kira Auta, shekararsa 15. Yana da galahanga mai tsanani, ga kuma farfaɗiya. Maganarsa ba ta wuce 'yan kalmomi ba. Tsayinsa ya wuce na babansa, amma har yau ni ke yi masa wanka, ni ke yayyanka masa nama ƙanana saboda haɗiyewa yake ba ya taunawa. Ƙofar gidanmu sakata biyu gare ta can sama, don in ya same ta a buɗe titi zai miƙa, bai san mota ba. Tuwo kuwa in ba a shuɗin farantinsa aka zuba ba, ya gwammace ya kwana da yunwa.

Yanzu yana samun DLA, wato tallafin da gwamnati ke ba yara naƙasassu, ni kuma ina karɓar kuɗin mai kula, Carer's Allowance, fam 83.30 a mako a 2025. Maigida tasi yake ja. A watan Fabrairu Auta zai cika 16, wato DLA ya ƙare ke nan, sai mu koma neman PIP, tallafin naƙasassu manya, daga farko kamar ba su taɓa saninsa ba.

Tun watan Maris na 2025 da Liz Kendall, ministar ayyuka da fansho a lokacin, ta miƙe a majalisa ta ce za a zabge kusan fam biliyan 5 daga tallafin marasa lafiya da naƙasassu, barcina ya zama rabi da rabi. Na ji an ce sun janye wani abu a watan Yuli, amma ban gane me aka janye me aka bari ba. A wannan shekarar ma ƙaramar hukumarmu ta rage mana sa'o'in da ake zuwa a ɗauke shi in ɗan huta, wai babu kuɗi.

Gaskiyar magana dai ba fam hamsin ko ɗari ke hana ni barci ba. Shekarata 52, ina da hawan jini da suga. Babansa ya ba 60 baya. Da can nakan ce ko mun mutu ai gwamnatin nan ba ta yar da irin su Auta. Yanzu na ga abin da aka ba ka da doka, da doka ake karɓewa. Babbar 'yata ta gama karatu, har an fara maganar aurenta. Ni ce zan ce mata ta shiga gidan miji da ƙato ɗan shekara 20 da ake canza wa kamfai? Maigida ya ce mu ƙarasa ginin da muka fara a Zariya mu mayar da shi cikin dangi. Ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya da hakan.

Wanda ya bi ta wannan hanya don Allah ya faɗa min: me ya canza a dokar, me ya kamata in fara yi, kuma ku wa kuka shirya zai riƙe naku?

Hajiyar Lesta ta amsa:

Wa alaikumus salam Maman Auta. Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Tawa 'yar shekararta 26, duk na bi ta inda kike yanzu, don haka bari in warware miki.

Abin da suka so yi wa PIP shi ne, daga Nuwamban 2026 sai mutum ya samu maki 4 a abu guda aƙalla, kamar wanka ko cin abinci ko sa tufafi, kafin a ba shi kuɗin hidimar yau da kullum. 'Yan majalisar Labour sama da 120 suka yi wa Firayim Minista Starmer bore, ranar 1 ga Yulin 2025 gwamnati ta cire wannan sashe daga ƙudirin dokar. An miƙa maganar ga ministan naƙasassu Stephen Timms ya yi bita, ana sa ran ya gama a ƙarshen 2026. To an ɗage ne, ba a binne ba. Amma yaro irin naki da ake wa wanka, maki 4 ba shi ne damuwarsa ba. PIP maki 8 ake nema a samu ƙaramin mataki, 12 a samu babba, wanda a 2025 yake fam 110.40 a mako.

Wanda ya zama doka shi ne na Universal Credit, tallafin da ake ba marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi. Daga Afrilun 2026 sabon mai nema da aka tabbatar ba zai iya aiki ba, ƙarin da ake ba shi zai sauko daga kusan fam 97 a mako zuwa kusan 50. Auta zai shiga cikin sababbi tunda yana makaranta. Sai dai an ware masu lalura mai tsanani ta har abada, su za su samu cikakke. Saboda haka duk takardar likita da ta ce lalurarsa ba ta warkewa, ki adana ta kamar takardar fili. Maganar hana 'yan ƙasa da shekara 22 wannan ƙarin kuwa shawara ce suka kawo, ba ta cikin dokar da aka zartar.

Yanzu abin yi. Ma'aikatar ayyuka da fansho za ta aiko da wasiƙa kafin ya cika 16 tana tambaya ko zai iya riƙe kuɗinsa da kansa. Ki ce a'a, ki nemi a naɗa ki wakiliyarsa. In wasiƙar neman PIP ta zo kada ki bari kwanaki 28 su wuce, in kin nema a kan lokaci DLA ba zai tsaya ba har su yanke hukunci. Wajen cika fom ɗin nan ne mu Hausawa muke cutar kanmu. An tambaye ki yana iya cin abinci, ki ce "Alhamdulillahi yana ci." Shi ke nan, sifili. Ki rubuta cewa ke kike yankawa, ke kike tsaye a kansa kada ya shaƙe. Godiyar Allah ki yi ta a kan sallaya, a fom ki rubuta ranarsa mafi muni. Kuma ki tuna kuɗinki na mai kula a jikin nasa yake rataye, in nasa ya faɗi naki ya bi shi.

Inda ƙasa ta fi zamewa mutum shi ne shekara 18. Ranar da ya cika ta, a idon doka ke ba kowa ba ce, ko asusun bankinsa ba za ki taɓa ba. Tunda haihuwar 2010 ne, yana da asusun Child Trust Fund da gwamnati ta buɗe wa yaran lokacin, kuma fitar da kuɗin wanda ba ya iya yanke wa kansa shawara yakan kai mutum har Court of Protection, kotun da ke duba lamarin irin waɗannan mutane. Sannan hidimar da ake yi wa yaro kyauta, in ya koma sashen manya ƙaramar hukuma tana iya cire wani kaso daga PIP ɗinsa. Ki rubuta musu tun yanzu ki nemi su auna buƙatunsa na shiga girma, dokar Care Act ta 2014 ta ba ki wannan haƙƙi. Takardar EHCP ɗinsa kuma, wato tsarin karatu da lafiya da kula da aka rubuta masa, tana iya kaiwa har shekara 25 in yana ci gaba da koyo, kada makaranta ta ce miki ta mutu a 19. Ƙungiyar Contact da Mencap suna da layin waya kyauta, sun fi ni sani.

Dattijon Landan ya amsa:

Maman Auta, maigidanki ya fi ki gaskiya. Shekara 30 nake a ƙasar nan, na ga yadda ake yi da tsofaffinsu ma balle naƙasassu. Birmingham guda, ƙaramar hukuma mafi girma a ƙasar, ta ce ta tsiyace a 2023. Wa kike jira ya riƙe miki ɗa? A gida ko ba komai akwai gwaggo, akwai kawu, akwai mai ba shi loma saboda Allah, ya ji kiran salla, in ya mutu a yi masa sutura yadda ya kamata. Naka sai naka. Ku ƙarasa ginin.

Yayar Wani daga Kano ta amsa:

Baba, da girmamawa, amma ni ce wannan dangin da kuke magana, bari in faɗi yadda abin yake a nan.

Ƙanena yana da irin lalurar Auta, shekararsa 34. Da mahaifiyarmu ta rasu, ranar sadakar uku kowa ya rantse zai taimaka. Kafin arba'in an kawo min shi da jakar kayansa. Ba mugunta ba ce, kowa fama yake da na cefane. Maganin farfaɗiyarsa da kuɗinmu muke saya duk wata, in ya yanke a kemis sai mu bazama neman wani, kuma ba kullum kake da tabbacin na gaske ka samu ba. A can na ji mai farfaɗiya kyauta ake ba shi magani. Yara na binsa da jifa in ya fita. Maƙwabta sun sha ba ni shawarar in kai shi gidan mari wai aljanu ne, bayan kowa ya ga abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura a 2019, mutane ɗaure da sarƙa. Buhari ya sa hannu a dokar kare naƙasassu a Janairun 2019, an kafa musu hukuma, amma ni dai ko sisi bai taɓa shigowa gidana da sunan ƙanena ba.

Maman Auta, yaron da bai san zafin Zariya ba, bai san ɗauke wuta ba, wanda faranti kaɗai ke hana shi cin abinci, ki yi tunani sosai. In ku biyun za ku dawo tare da shi kuna da abin hannu, wannan daban. In kuwa don bayan ranku ne, ki sani wata mace ce za ta ɗauka, kuma ba a tambaye ta ba.

Game da 'yarki, ni abin da ya fi min ciwo ba riƙon ba ne. Ina son ƙanena. Ciwon shi ne Inna ba ta taɓa zaunar da ni ta yi min maganar ba, kunya ta hana ta, sai na tsinci abin a kaina ba shiri. Ki zaunar da ita, da wanda zai aure ta, da ɗan'uwanta namiji shi ma. Kada a bar wa mace ita kaɗai don kawai ita ce mace.

Hajiyar Lesta ta ƙara:

Ƙari a kan maganar komawa gida: in ya wuce mako 13 a wajen ƙasar PIP yana tsayawa, Universal Credit kuwa wata ɗaya ne. In abin bai yiwu a can ba kuka dawo, layin neman gida da masu kula daga baya za ku sake kamawa.

Sai gado, wanda ba ma son zancensa. In aka bar wa Auta kuɗi da sunansa ya haura fam 6,000 za a fara rage masa Universal Credit, in ya haura 16,000 a yanke gaba ɗaya. Ya wuce 23,250 kuma shi zai biya kuɗin kula da kansa har kuɗin ya sauko ƙasa da haka. Shi ya sa ake buɗe asusun amana, rabonsa ya zauna a hannun amintattu suna yi masa hidima da shi. Ni da na tambayi malami ya ce ai wannan ba baƙon abu ba ne a fiƙihu, dama waliyyi ke riƙe dukiyar wanda ba zai iya juya ta ba. Ya dai ja min kunne cewa ba a yi wa magaji wasiyya da ƙari sai sauran magada sun yarda. Ku samu lauya da malami su duba tare. In babu wasiyya a rubuce, dokar Ingila ce za ta raba, ba ruwanta da rabon Musulunci.

Mai Aikin Dare ya amsa:

Anti, ni aikin kula nake yi a wani gida da samari huɗu masu irin wannan lalura suke zaune, kowa da ɗakinsa. Ba zan ce miki aljanna ba ce. Ma'aikata ba sa daɗewa, albashin kaɗan ne, kuma a Yulin 2025 an rufe bizar ɗauko masu wannan aiki daga waje, don haka hannu ƙara ƙaranci zai yi. Amma abin da na lura da shi: wanda iyayensa suka kawo shi suna raye, suna zuwa duk mako, suna faɗa in an yi ba daidai ba, shi ya fi samun kulawa. Wanda aka kawo da daddare bayan uwarsa ta faɗi an kai ta asibiti, duk inda aka samu gado nan ake jefa shi, ko da garin da nisa.

Akwai wata uwa 'yar Pakistan da ta rubuta mana littafi guda a kan ɗanta. Abin da yake ci, mahaucin da za a sayo naman halal, cewa namiji ne kaɗai zai yi masa wanka, karatun da ake kunna masa in ya rikice, har yadda yake taɓa kunne in ciwon kai ya kama shi. Duk sabon ma'aikaci sai ya karanta. Ki fara rubuta naki, ki sa maganar shuɗin farantin a shafin farko.

Ni kaina ɗiyata tana da lalura, amma bizata ba ta ba ni damar taɓa tallafin gwamnati ba, ko DLA ba ma samu. Makaranta da EHCP ne kawai, su ba sa cikin abin da aka hana mu. Masu irin takardata su sani.

Maman Auta ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, wasiƙar wakilcin ta zo tun kwanaki, na cika na mayar. Asusun nan na yara kuwa sai da na tono takardunsa a akwati, yana nan.

Baba Dattijo, na karanta wa maigida amsarka ya ji daɗi, na karanta masa ta Yaya daga Kano ya yi shiru. Ginin dai ya ce ba zai tsaya ba, ni ma ban ce ya tsaya ba.

Jiya na yi wa 'yata maganar muna wanke-wanke. Ashe ta riga ni. Ta ce tun farkon haɗuwarsu ta faɗa wa yaron cewa tana da ƙane kuma ba za ta yi nisa da shi ba. Ta ce ba za ta iya ajiye shi a gidanta ba, amma za ta zama mai sa ido da sa hannu a takardunsa, in ɗan'uwanta zai raba nauyin da ita. Shi yana jami'a, sai ya zo hutun Disamba za mu zauna.

Mai Aikin Dare, tambaya ɗaya: irin gidan da kake aiki, ana yarda uwa ta riƙa kai abincinta, kuma daga shekara nawa ake sa suna a layi?