Don Allah a taimaka min kan p53 da MDM2

Salamu alaikum jama'a, masu bayokemistiri ku zo ku cece ni. p53 furotin ne mai kare sel daga ciwon daji, MDM2 kuma furotin ne da ke riƙe shi yana sa a lalata shi. A littafi an ce in DNA ta lalace, enzayim ɗin ATM na liƙa fosfet a Ser15 (amino asid serin na 15) na p53, enzayim ɗin Chk2 ya liƙa a Ser20, sai MDM2 ya saki p53 ya daina rataya masa yubikwitin (alamar da ke sa a lalata furotin), p53 ya taru a sel. To ni na zuba wa sel ɗina etoposide (magani mai lalata DNA), fosfet ɗin Ser15 ya fito raɗau a gwajin western (na gano furotin), amma da na jawo p53 da antibodi sai ga MDM2 ya biyo shi, har ma ya fi na sel ɗin da ban sa wa magani ba, wallahi kaina ya ɗaure.

Na san p53 da kansa yake kunna ƙwayar halittar (gene) MDM2, to ko yawan MDM2 ne ya ƙaru shi ya sa nake ganinsa haka? Ko Ser15 kaɗai bai isa ya raba su ba sai Thr18 (amino asid treonin na 18 a p53) ya samu nasa fosfet? Bofa ɗina (ruwan da nake aikin da shi) akwai sodiyom fulorayid a ciki, mai hana a cire fosfet. Awa nawa ya kamata in kwashe sel ɗin bayan maganin, kuma da me zan daidaita lissafin?