Neman shawara: kifayen betta biyu sun yayyaga juna, yaya zan raba musu akwati ɗaya?

Mai tambaya, daga Banifandu, Yamai:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Sati uku da suka wuce ƙanena ya dawo daga Kwatano, ya kawo wa yarana tsarabar kifin ado da ake kira betta guda biyu, ɗaya ja ɗaya shuɗi, kowanne a ledarsa. Ni ban san komai a kansu ba, a wurina kifi kifi ne. Ina da wani akwatin gilashi da na saya tun bara, tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, sai kawai na juye su ciki tare. Ko minti goma ba a yi ba ɗakina ya koma filin kokowa. Yara na ihu, kowa ya zaɓi gwaninsa, ni ma har da dariyata. Kafin in farga cewa abin ba wasa ba ne, shuɗin ya tsarge wa jan wutsiya kamar tsumma.

Yanzu jan yana cikin kwalbar mayonez a kan tebur, ko abinci da ƙyar yake taɓawa. Na gwada yanko ragar taga ta ƙarfe na raba akwatin biyu, kwana huɗu ta fara tsatsa, na tsorata na cire. Kuɗin akwati na biyu babu, wurin ajiye shi ma babu. Da me zan yi shamakin da zai raba su, wanda zan iya samu a nan Yamai? Kuma da me ake manna shi?

Mai yankan gilashi, daga Katako:

Wa alaikumus salam. Malam, wannan aikinmu ne. Ka auno faɗin akwatin daga ciki, ba daga waje ba, a yanka maka gilashi mai kaurin milimita 4, a goge bakinsa, ka manna da silikon. Sai dai ka kula da silikon ɗin. Wanda ake sa wa bayan gida da kicin yawanci akwai maganin hana funfuna a cikinsa, kuma wannan magani guba ne ga kifi. Ka nemi zalla, wanda aka rubuta na akwatin kifi ne, in ka buɗe za ka ji yana warin tsami. Dole ka kwashe ruwan, gilashin ya bushe ƙarau, in ka manna ka bar shi kwana biyu cur. In har kana jin warin, bai yi ba.

Wata uwa mai kiwon betta, daga Yantala:

Maigidan Katako, maganarka ta silikon babu gyara, amma gilashi garai-garai kam a'a. Na yi wannan kuskuren da kaina. Matsalar namijin betta ba cizo kaɗai ba ce, gani ma faɗa ne a wurinsa. In yana hango ɗan'uwansa sai ya wuni yana buɗe kumatu yana baza fikafikai, yana kai wa gilashi sara, ba hutu. Minti biyar na wannan ba laifi, motsa jiki ne. Amma daga safe har dare, yau da gobe, sai ka ga launinsa ya koɗe, ya daina ci, wani ma ya juya ya dinga cizon wutsiyar kansa. Na biyu, gilashi ba ya barin ruwa ya ratsa. Ka mai da akwati ɗaya ƙananan akwatuna biyu ke nan, kowanne na neman nasa matacin, wato abin da ke tace dattin ruwa.

Ɗan'uwa mai tambaya, abin da kake nema shamaki ne da ruwa zai wuce, ido ba zai wuce ba. Ga yadda nake yin nawa. Ka je shagon masu fotokwafi, ka ce su ba ka sandar robar nan mai tsaga da ɗalibai ke matse takardun rahoto da ita. Ita ce za ta zama hanyar da shamakin zai zurara ciki. Ka manna ɗaya a gilashin gaba, ɗaya a na baya, a tsaye, suna fuskantar juna daidai. Amfanin wannan shi ne ranar wanki sai ka zare shamakin ka goge ka mayar, ba sai ka ɓamɓare komai ba.

Shi kansa shamakin, raga ce ta roba mai tauri, mai ƙananan huji, baƙa ko mai duhu in da hali. In ba ka samu ba, ka sayi sabon kwandon roba mai shimfiɗaɗɗen gefe ka yanka, ko murfin babbar robar abinci ka huhhuda shi da ƙusa mai zafi. Hujin kada ya wuce milimita 3. Betta ɗan shisshigi ne, duk inda ya ga kansa zai shiga sai ya cusa, ya maƙale, ya kasa hawa sama. Bayan ka yanka ka goge ko'ina da takardar yashi, sannan ka ɗauko tsohon mayafi mai laushi na uwargida ka shafa a kai. Duk inda zare ya kama, nan zai yaga fiffike, ka koma ka goge.

Kuma ni biyu nake jerawa, in bar tazarar yatsu biyu a tsakani, in sa hujin ɗaya kada ya yi saitin na ɗayan. A cikin wannan ɗan lungun nake cusa tsiron ruwa da ma'aunin zafi. Da ƙyar suke ganin inuwar juna.

Wani matashi, daga Harobanda:

Duk wannan wahala a kan kifin da bai kai ɗan yatsa ba? Ku zo bakin gada da safe in haɗa ku da masunta, a ba ku wanda zai cika tukunya. Amma da gaske, Yaya, me zai hana ka yanki gidan sauro ka ɗaura a kan firam? Raga ce, ba ta tsatsa, kuma kowane gida akwai.

Malamin kimiyya, daga Tawa:

Ƙanena na Harobanda, don Allah janye wannan kafin wani ya gwada! Gidan sauron da ake rabawa an jiƙa zarensa da maganin ƙwari, irin su deltametirin da permetirin. Maganin da ke kashe sauro da ya sauka a kai, kifi na cikin dabbobin da suka fi rashin jure masa. Guntu kaɗan a cikin lita 50 ya isa a wayi gari su biyun suna shawagi ciki sama. Ko an wanke ban yarda da shi ba, don an yi shi ne musamman ya jure wanki. Haka ma feshin maganin sauro a ɗaki: ranar da za a fesa, a rufe akwatin da zane, a kashe injin da ke hura wa ruwan iska har warin ya fita. Ragar ƙarfe kuma gara da ka cire ta, mai tambaya. Tsatsar da ka gani ita ce ƙaramar matsala, sinadarin zinki da ake shafe irin wannan waya da shi ya fi ta illa. Wayar tagulla kuwa ko ɗauri kada ka yi da ita, ka yi amfani da zaren fatsa.

Bari in ɗan faɗi halin kifin, don shi zai nuna maka yadda shamakin zai kasance. Asalinsa daga Tailan ne da maƙwabtanta, yana zaune a fadamu da gonakin shinkafa, ruwa mara zurfi, mara gudu, mai ɗumi. Tun ƙasar na amsa sunan Siyam mutanenta ke kiwonsa suna zaɓen mafaɗata, shi ya sa ake ce masa kifin faɗa na Siyam, kuma a 2019 suka ayyana shi dabbar ruwa ta ƙasa. To jinin faɗa ne aka daɗe ana tacewa, ba za ka yi masa nasiha ya bari ba. A fadama wanda aka fi ƙarfi yakan gudu ya ɓuya cikin ciyawa. A akwatinka ina zai gudu?

Abu na biyu, yana da wata gaɓa a cikin kansa da ke ba shi damar haɗiyar iska daga saman ruwa. Shi ya sa kake ganin yana hawowa yana ɗan buɗe baki. Wannan ne ya sa masu sayarwa ke cewa zai rayu ko a kofi. Zai rayu ɗin, kamar yadda mutum zai rayu a kurkuku. Lissafin akwatinka lita 54 ne. In ka rage ruwa ya tsaya a santimita 25, kana da lita 45, kowanne ya samu sama da 20. Wannan ya wadatar.

Me ya sa na ce ka rage ruwan? Saboda betta na tsalle. Shamakin ya tashi har ya taɓa murfi, ruwa kuma ya tsaya ƙasa da baki da kamar yatsu uku. In ka bar gibi a sama, wata rana za ka dawo daga masallaci ka tarar baƙo ya haura katanga.

Mai yankan gilashi, daga Katako:

Hajiya ta Yantala, na karɓi gyara a kan ganin juna. Amma akwai gilashi mai hazo irin na tagar bayan gida, ba a gani ta cikinsa. Kuma rashin ratsawar ruwa ai ba asara ce zalla ba: in ɗaya ya kamu da cuta ba zai shafa wa ɗayan ba. Roba kuma na sha ganin ta lanƙwashe.

Wata uwa mai kiwon betta, daga Yantala:

Wannan gaskiya ce, ba zan musa ba. Masu shan ruwa ɗaya cutarsu ɗaya. In fararen ɗigo suka fito wa ɗaya kamar an barbaɗa masa gishiri, to ka ɗauka duka akwatin ne za a yi wa magani. Amma ni na auna da zafin garin nan na zaɓi raga. A watan Afrilu da Mayu, rana na haura digiri 40, a ɗauke wuta tun azahar, ruwa mai yawa a haɗe ya fi jinkirin ɗaukar zafi da lalacewa. Mai kuɗin mataci biyu ya yi na gilashin, ba laifi. Lanƙwashewa kuma, a sa wa ragar sandar roba a sama da ƙasa, ta tsaya ƙyam.

Wani dattijo, daga Bukoki:

Ɗana, ni ban san kifin nan ba, tantabaru nake kiwo. Abu ɗaya zan ce. Ka ce yara sun yi ta ihu suna zaɓen gwani. Ka zaunar da su ka nuna musu ba abin kallo ba ne, kada ranar da ba ka nan su ɗaga shamakin don su ga wanda zai ɗauki takobi. Duk dabbar da ka killace haƙƙinta na wuyanka, kowa ya san hadisin matar da ta tsare kyanwa. Wannan na cikin kwalba a fara duba shi.

Malamin kimiyya, daga Tawa:

Baba ya taɓo inda ya fi gaggawa. Kwalbar mayonez ba ta kai lita ɗaya ba, kashin kifin da ragowar abinci na zama amoniya a ciki cikin yini guda, ita ce ke ƙona raunin ta hana shi warkewa. Yau ɗin nan ka mai da shi sabon bokiti ko roba mai lita 10 da ba ta taɓa ganin sabulu ba, ka rufe da abin da iska ke shiga. Kullum ka canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan. Ruwan pampo akwai kulorin, warin jabel ɗin nan da kake ji, sai ka tara shi a buɗe ya kwana ya yini kafin ka zuba, ko ka sa maganin kashe kulorin in ka samu. Wutsiyar za ta tsiro cikin makonni, za ka fara ganin bakinta fari-fari kamar leda. In kuwa ka ga bakin yana baƙi yana cinyewa, ruɓa ce ta shiga, ka dawo nan mu yi magana. Kada ka mai da shi akwatin sai ya koma cin abinci da kyau.

Zafin da suke so digiri 24 zuwa 28 ne. Lokacin bazara ka kau da akwatin daga taga, ka juya fanka ta dinga bugun saman ruwa. Kada ka jefa ƙanƙara ciki, sauyin bazata ya fi zafin illa. A Disamba da Janairu kuma, mu nan Tawa sanyin asuba na saukar da ruwa ƙasa da 20, kifi ya kwanta kamar mara lafiya, nan sai da abin ɗumama ruwa. Mataci kuwa na soso mai aiki da ɗan injin iska ya fi, ka kafa shi jikin shamakin, don betta da wannan doguwar rigar tasa ba ya son ruwa mai gudu.

Mai tambaya, daga Banifandu, Yamai:

Ƴan'uwa Allah ya saka da alheri, na dawo da rahoto bayan kwana goma. Na bi hanyar Hajiya. Sandunan roba huɗu, kwando biyu baƙaƙe, silikon kuma Maigidan Katako ne ya nuna min irin wanda zan saya. Duka bai kai jikka biyar ba. Jan ya warware, wutsiya ta fara fitowa, shekaranjiya na mai da shi.

Sai dai jiya da asuba na tarar da shuɗin a cikin lungun da ke tsakanin ragar biyu, ya kasa gaba ya kasa baya. Allah ya taimaka raga biyu ce, da ɗaya ce da an koma gidan jiya. Na duba sama ba gibi, gefe ba gibi. Ta ina ya bi? Kuma yau na ga kumfa ta taru a kusurwar ɓangaren jan, ko silikon ɗin ne bai bushe ba?

Wata uwa mai kiwon betta, daga Yantala:

Ta ƙasa ya bi, laifina ne ban faɗa ba. Ragar ta sauka har ta taɓa gilashin ƙasa, sannan ka tura tsakuwa ta binne gindinta da kamar yatsu biyu ta kowane ɓangare. Ka sa hannu ka bi gefen duka, inda ƙaramin yatsanka ya shiga shi ma zai shiga. Kumfar kuma ba silikon ba ce, sheƙa ce. Namijin betta ne ke hura ta da baki, a nan yake ajiye ƙwai in ya samu mace, kuma yakan yi ta ko macen babu. Mutuminka ya ɗauki wurin gidansa ke nan. In za ka canza ruwa ka ɗebo ta ɗaya kusurwar, kada ka rushe masa gini.