Ɗana ya gagari malamai, ina zan kai shi a Jos?

Wata uwa daga Rikkos: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana shekararsa 8, yana aji uku na firamare. Ba ya iya zama wuri guda, ana tsakiyar karatu sai ya miƙe ya yi ta zaga aji, jiya ma ya fizge fensirin wata yarinya ya karya. In ransa ya ɓaci har kai yake bugawa da bango. Makaranta sun ce in bai canja ba, kada ya dawo zango mai zuwa. Babansa bulala kawai ya sani, kakarsa kuma ta ce iska ce, an yi ruƙiyya, an sha rubutu. Kuma wallahi yaron yana da kai, ya haddace izu biyu. Don Allah ina zan nufa da shi?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam. Maman yaro, ki kai shi JUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, da ke Lamingo. Ki fara da likitan yara, shi zai tura ku sashen ƙwaƙwalwa in ya ga da buƙata. Kada sunan sashen ya tsorata ki, ba mahaukata kaɗai ake gani a can ba. Za su duba ji da gani tukuna, domin yaron da ba ya jin malami sosai dole ya nemi abin yi a aji. Akwai kuma wata farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu kamar ba ya nan. Abin da kika faɗa ya yi kama da ADHD, wato lalurar rashin iya mai da hankali da yawan motsi, amma likita ba ya yanke hukunci sai halin ya kai wata 6, ya fara kafin shekara 12, kuma ana ganinsa a gida da makaranta duka. Don haka ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubutawa: yaushe ya tayar, me ya faru kafin nan, ƙarfe nawa ya kwanta. Ki karɓo takarda daga malaminsa. Wannan littafin ya fi "likita, yaron nan ba ya ji" amfani nesa ba kusa ba.

Wata Hajiya: Kai, 'yan zamani! Ƙiriniya ce kawai. Nawa na fari har katanga yake haurawa, yau ga shi da iyalinsa.

Ma'aikaciyar jinya: Hajiya, da hawa katanga ne kaɗai da ban ce komai ba. Buga kai da bango ne ya sa na ce a je.

Malamin firamare, Gangare: Ki roƙi a dawo da shi layin gaba, nesa da taga. Umarni ɗaya a lokaci guda: "ɗauko littafinka", in ya ɗauko sannan "buɗe shafi na biyar". In ya yi daidai a yaba masa nan take, ba sai an tashi ba. Ni irinsu nake ba gogar allo da rabon littattafai, motsin ya tafi a can. Jami'ar Jos ma tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, kina iya neman shawararsu kan karatunsa.

Wani uba: Yaushe abin ya fara? A garin nan yara da yawa sun ga tashin hankali da idonsu. In bayan wani firgici ne, ko rasuwa, ko rigima a gida, ki gaya wa likita, kada ki ɓoye. Sannan ki lallaɓi maigidan ya raka ku. Daga bakin likita zai fi yarda cewa dukan ƙara masa fushi yake yi. Addu'a kuma a ci gaba, ba ta hana asibiti.

Uwar yaron: Na gode, Allah ya saka da alheri. Tun yana naziri yake haka. Barci kuwa sai wajen sha ɗaya, yana riƙe da wayata.

Ma'aikaciyar jinya: To wannan ma ki rubuta. Mai shekararsa yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Daga yau a karɓe wayar bayan isha'i. Ranar zuwa asibiti ku yi sammako saboda layin kati.